Almurun da Arkasha Ya Kai Afirka

Litinin, 17 ga Maris 1897, ƙarfe goma na safe

Arkasha ya tafi Afirka. Wato dai ya ɗauki tawul da sabulu ya nufi gidan sirace na bakin gada. Fekla mai girkinmu ta bi shi, wai hanyarta ce ta kasuwa, alhali kasuwa tana can ta ɗaya ɓangaren. Na gode mata a raina.

Shekara ashirin da shida ke nan ina auren mutumin nan, bai taɓa wuce garin Pskov ba, amma ya rubuta wa talakawa littafi a kan teku, ya rubuta a kan hamada, ga kuma na bana a kan dabbobin kurmin Afirka. Haƙoran gwaggon biri a littattafan Jamusawa ya ƙirga su. Tsayin giwa ya auna shi a gidan adana dabbobi, a jikin wata da aka cusa wa ciyawa. Zafin kurmi kuwa, sai ya hau bencin can sama a gidan sirace, a kwara ruwa kan duwatsu masu zafi, ya zauna har numfashi ya nemi gagararsa, sannan ya dawo fuska ja wur ya ce, "Sima, ɗauko alƙalami, na san abin da damisa take ji." Ni da na fita makaranta da yabo, ga ni na ƙare a magatakardar damisa!

Kafin ya fara yi mini shifta dole mu zauna shiru na minti ɗaya, har da Fekla in tana kusa, kamar dai yadda ake yi in mutum zai yi doguwar tafiya. Ya ce ai tafiyar ce. Da farko dariya nake yi masa. Yanzu in ya manta ni nake tuna masa.

Littafin ya kammala. Ofishin tace littattafai ya buga hatimi, Tihon Zaharich mai maɗaba'a ya yi alkawarin fito da shi mako ɗaya bayan bikin Ista. Jiya muna shan shayi Arkasha ya ce, "Wannan ɗin ina so in gan shi, Sima. Da idona." Na ce to dā da me za ka gan shi, da gwiwa? Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ran Alhamis za mu koma wurin likitan idon nan mai gemun akuya.

Alhamis, 20 ga Maris, da la'asar

Mun je, mun dawo. Ya ce Afrilu ba damuwa, Mayu kuma bai sani ba. Sauran ba zan rubuta ba.

Juma'a, 21 ga Maris, da hantsi

Na yi wa Fekla faɗa a kan miyar kabeji, wai gishiri ya yi yawa. Miyar nan lafiyarta ƙalau. Ta tsaya ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Uwar ɗakina, in kin huce ki zo ki ga yadda na jera kujerun. Daga yau ba mai matsar da ko ɗaya, ko ke ce." Na shiga ɗakin ajiya na toshe bakina da tawul na ɗan jima, na fito.

Arkasha ya zuba shayi, rabi a kofi rabi a teburi. Ya ce teburin ma ɗan gida ne, yana da rabo.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ya sa ni na karanta masa babi na tara, "Almuru a Kurmi". Karo na nawa ke nan, oho. Shi ne ɗan gatan littafin. Yana zaune ido a rufe, yana motsa baki tare da ni:

"Rana ta daɗe da faɗuwa, amma haske bai tafi ba. A hankali yake janyewa, kamar baƙon da ba ya son barin hira. A sa'a ta farko birai suna hawa rassa suna gardamar wurin kwana. A ta biyu giwaye suna gangarowa bakin ruwa, sama ta koma ruwan toka da ɗan ja-ja, har kana iya ƙirga 'ya'yansu. A ta uku, lokacin da ruwa ya fi sama haske, damisa takan fito ta tsaya, ba ta gaggawar komai."

Shafi goma sha ɗaya haka, kuma ba yabon miji ba, babu mai karanta shi bai ji yana son zuwa wurin ba. Shi kaɗai ne babin da bai ɗauko daga Jamusawa ba. Ya ce su haƙora kawai suka iya ƙirgawa, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama, sai shi ya cike musu gurbin.

Ni kuwa na san inda ya samo saman nan. Tafkin bayan gidan Baba ne a Luga, watan Yuni, ranar da ya zo neman aurena. Ya fitar da ni yawo rana tana faɗuwa, ya kama yi mini bayanin yadda kwaɗi suke hayayyafa. Sa'a uku cur! Bai iso kaina ba sai da sauro suka gama da ƙafafuna.

Na ce, "Arkasha, ka san don sauro na ce na yarda?"

Ya ce, "Na sani. Shi ya sa ban taɓa zaginsu a littafi ba."

Tsohon banza. Ina son mutumin nan, Ubangiji ka sani.

Laraba, 26 ga Maris, da azahar

Takardun gwaji sun zo daga maɗaba'a. Ya kwashe su ya kai bakin taga da gilashinsa na ƙara girman rubutu, hanci kamar zai taɓa takarda. Ya karanta sunan littafin da kansa, ya karanta sunansa, sannan ya daɗe a kan hoton giwa. Can sai ya ce, "Wane ne ya zana wannan? Hauren hagu ya fi na dama tsawo." Na duba. Da gaskiyarsa, ya fi! Na ruga kicin na gaya wa Fekla kamar wadda aka yi wa albishir ɗin haihuwa. Ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta ƙara mana dankali.

Saura kwana ashirin da biyar.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Ƙanena Gleb ya iso daga Odessa a jirgin ƙasa, ya yi baƙi, ya yi tumbi. Shekara biyu yana aikin likita a jirgin ruwa, sun kewayo Afirka, har sun yi kwana goma sha ɗaya a bakin wani kogi a Gabon ana gyaran inji. Ya kawo wa Arkasha tsarabar gashin wutsiyar aku guda ɗaya, ja wur. Arkasha ya ɗaga shi saitin taga ya ce, "Ja ne! Sima, ina ganinsa sarai." Ya soke shi a kwalbar tawada, ya ce kada wanda ya taɓa.

Bayan cin abinci ya shiga ya ɗan kishingiɗa. Gleb ya jawo takardun gwaji yana dubawa da kofin shayi a hannu. Ina ɗinki sai na ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wa ya gaya wa mijinki wannan?"

"Wanne?"

"Almurun nan. Ai babu shi."

"Kamar yaya babu shi? Rana ba ta faɗuwa a can?"

"Faɗuwa kai! Ƙarfe shida tana nan. Ka cusa taba a lofe ka kunna, kafin ka gama sha ba ka ganin tafin hannunka. Kullum haka, shekara ta zagayo. Sa'a uku? Yaya, wannan ai Luga ce ya zuba wa giwaye."

Na ce masa tun yana yaro maƙaryaci ne, ba shi ne ya ce ya ga kyarkeci a lambun Baba ba, aka fita da bindiga aka tarar da akuyar maƙwabta? Ya ce ya ji, amma wannan karon shi da mutum tamanin suka gani, dare goma sha ɗaya a jere. Yana cikin dariyar sai idonsa ya kai kan gilashin da ke bakin taga, ya kai kan kujerun da Fekla ta jera jikin bango. Likita ne ai. Dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Yaya, tun yaushe?"

Na ce ya sha shayinsa kada ya huce. Na kuma sa shi ya rantse da kabarin Mama ba zai ce wa Arkasha komai a kan babin ba.

Lahadi, 30 ga Maris, da safe

Akuya ce ya gani a lambun. Kowa ya san akuya ce.

Talata, 1 ga Afrilu, da hantsi

Arkasha yana gidan sirace. Na sauko da babban littafin Bajamushen nan mai baƙin bango, na zauna da ƙamus da ɗan Jamusancina na makaranta. Ina neman inda zan ƙaryata Gleb ne. Shafi na 212, can gindin shafi, da ƙananan baƙaƙe irin ƙafar tururuwa: "A waɗannan wurare almuru gajere ne ƙwarai, duhu yakan rufe cikin ɗan lokaci."

A saman shafin nan ga alamar fensirinsa, ya ja layi a ƙarƙashin maganar birai. Ya karanta shafin. A watan Oktoba ya karanta shi, ina zaune a gefensa. Ƙananan ne bai gani ba, kuma bai ce mini in karanta masa ba. Tun Oktoba ke nan. Ni kuma ina nan ina yi masa tsiya wai ya cika ƙona man fitila.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da la'asar

Na ce zan je sayen zare, na zarce maɗaba'a. Tihon Zaharich ya saurare ni yana goge tawada a gaban rigarsa, sannan ya kama kansa da hannu biyu.

"Serafima Fominichna, ki yi wa Allah! Kin san abin da kike faɗa? In aka taɓa layi ɗaya, babin nan gaba ɗaya sai ya koma ofishin tacewa ya bi layi. Ga Ista ta zo, za su rufe. Masu jera mini baƙaƙe kuwa, in sun tafi hutun Ista rabinsu ba sa gane hanyar dawowa sai bayan mako. Ƙarshen Mayu, in an yi sa'a."

Na ce, "Ƙarshen Mayu ya yi nisa."

Ya dube ni. Ashe ya sani, shi ma. Wai duk garin nan ni kaɗai nake ɓoye abin da kowa ya sani? Ya rage murya ya ce, "To ki bar shi mana. Wa zai tashi daga ƙauyen Tambov ya tafi Gabon ya duba agogo? Babin nan shi ne ya fi kowanne daɗi, yarana suna jerawa suna karanta wa juna. Ki bar bawan Allah ya riƙe littafinsa ya gani."

Na dawo ba zare. Fekla ta dubi hannuna.

Na yanke shawara. Zai gan shi ran ashirin ga wata. Giwaye su yi haƙuri.

Asabar, 5 ga Afrilu, da yamma

Babi na tara kuma. Na karanta. Ban faɗa ba.

Laraba, 9 ga Afrilu, da azahar

Ƙanƙarar kogin Neva ta fashe, an harba igwa daga ganuwa. Arkasha yana tsaye bakin taga yana ƙirga ƙarar kamar yaro.

Wasiƙa ta zo masa da cikakken sunansa, Arkadi Lukich, daga wata malamar ƙauye can wajen Olonets. Ta ce duk hunturun nan littafinsa na hamada take karanta wa 'yan makaranta, iyayensu maza suna zuwa su tsaya a baya da huluna a hannu. Wani tsoho ya yi gardama wai babu dabbar da za ta yi kwanaki ba ta sha ruwa ba, sai ta ce masa, "Kaka, Arkadi Lukich ba ya rubuta abin da babu." Tsohon ya sallama.

Sau biyu ya sa na karanta masa. Ya ce, "Kin ji ko, Sima? Ba su da wani littafin da za su gwada da shi. Abin da na ce shi ke nan."

Da na san abin da ke cikin wasiƙar nan da murhu na jefa ta. Ban faɗa ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu, da safe

Jiya ya riƙo kyandir ɗinsa daga coci har gida bai mutu ba. Ya ce harshen wutar yake bi, ni kuma ina riƙe da gwiwar hannunsa. Na je gaban firist na lissafa zunubaina, har da faɗan miyar kabeji. Wannan ɗin ban faɗa ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu, Ista, ƙarfe huɗu na yamma

An tashi lafiya. Almasihu ya tashi, an sumbaci juna sau uku-uku, Fekla ta fito da gurasar Ista doguwa har tana tangaɗi. Aka yi karon ƙwai, jan ƙwan Arkasha ya fasa na kowa, yana ta cika baki. Gleb ya zo da sabuwar riga. Komai daidai.

Sai Arkasha ya juya wajen da yake jin muryar Gleb ya ce, "Kai ɗan jirgi, mako biyu kana cin abincina, ka ba ni labarin zazzaɓi da tsadar ayaba, ba ka taɓa ba ni labarin yamma ba. In rana ta faɗi a can, wa yake fara fitowa?"

Gleb ya dube ni. Na taka masa ƙafa.

Ya ce, "E to... birai. Sai kuma... su giwaye. A hankali dai. Kamar yadda ka rubuta."

Wannan yaro da ya sa aka fita da bindiga saboda akuya, yau da nake buƙatar ƙaryarsa ya kasa! Kunnuwansa suka yi ja. Fekla ta tashi wai ta ji ƙauri, alhali babu komai a wuta. Arkasha ya ce, "Madalla," ya ci gaba da ɓare ƙwansa.

Da Gleb ya tafi sai ya ce, "Sima, zo ki zauna nan." Na zauna. Ya lalubo hannuna.

"Mako biyu ke nan kina karanta mini babi na tara da muryar da kike karanta takardar likita. Shekara ashirin da shida ina jin muryar nan. Mene ne a ciki?"

Na ce babu komai. Ya ci gaba da jira. Ya iya jira, mutumin da ya yi sa'a uku a kan kwaɗi.

Na faɗa. Lofen Gleb, shafi na 212, Tihon Zaharich, ƙarshen Mayu, duka. Ina faɗa ina kuka ina kuma jin haushinsa, ban san dalili ba. Bai saki hannuna ba. Da na gama ya ce, "Ƙananan baƙaƙe, ko?" Na ce e. Ya ce, "Jamusawa! Abu mai muhimmanci sai su kai shi gindin shafi."

Litinin, 14 ga Afrilu, da yamma

 Ya ci abinci. Ya zauna bakin taga da gashin akun nan a hannu.

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun shekarar da ya kawo bushiya gida ya sa ta a kwandon ɗinkina.

Da safe ya ce in aika a kira Gleb, in kuma fere fensir. Na ce ba zan fere ba.

"Arkasha, kwana huɗu ya rage. Huɗu! Ka gan shi tukuna, a gyara a bugu na biyu."

"Irin littattafaina ba su da bugu na biyu, kin sani. 'Yan koli za su zuba su a akwati su shiga ƙauyuka da su, shi ke nan sun tafi."

"To su tafi mana! Wa zai mutu don rana ta yi jinkiri a Gabon?"

"Ba wanda zai mutu. Malamar nan ce za ta tsaya gaban tsohon nan ta ce ba na rubuta abin da babu."

"Kai ka ce kana so ka gan shi da idonka. Kai ka faɗa, a teburin nan!"

"Na faɗa. Ina so kuwa, Sima, ba ki san yadda nake so ba." Ya juyo wajena. "Amma in na buɗe shi, babi na tara zan fara nema. Kina so abin da zan gani ke nan?"

Na kira shi mai taurin kai, na kira shi jakin Pskov. Na ce ni ban auri malamar Olonets ba. Ya ce duk ya ji, fensir fa? Fekla ce ta fere shi, munafuka, ta ajiye a gabana ta koma kicin tana jan hanci.

Gleb ya zo. Arkasha ya titsiye shi kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo. Minti nawa? Ka duba agogo ko ƙiyasi ne? Wane launi? Da duhu ya rufe me ka ji? Daga dama ko daga hagu? Abin da Gleb bai tabbatar ba ya ce a bar shi. Sannan ya ce, "To, a zauna." Muka zauna shiru mu huɗu, har Fekla a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Minti ya cika. Ya yi alamar gicciye ya ce, "Mu tafi."

"A kurmi rana ba ta yin doguwar sallama. Ƙarfe shida tana yi sai ta faɗi, kafin mutum ya gama shan lofe ɗaya duhu ya rufe. Shi ya sa dabbobin wurin ba sa jinkiri. Abin da za a yi da ido, tun rana tana sama suke yinsa. Amma kada mai karatu ya zaci in duhu ya zo kurmi ya mutu. A lokacin ne ma yake buɗe baki. Gyare ya fara, kwaɗi su amsa, jemagu su wuce ta kanka, can nesa wani abu ya karya reshe. Wanda ya zauna ya kasa kunne zai san kowa da inda yake."

Shafi biyu da rabi ne duka, sauran gurbin Tihon Zaharich zai cike da hotuna. Sau ɗaya na tsaya, ya ce, "Kin gaji?" Na ce fensir ne ya karye. Ni da kaina na kai maɗaba'a.

Talata, 22 ga Afrilu, da safe

Da ba a taɓa babin ba, da shekaranjiya littafin ya fito.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Mun cire tagogin hunturu, Fekla ta kwashe audugar da ke tsakani. Ƙarar keken doki da warin kogi suka shigo. Ya ce, "Yauwa, an buɗe kurmi." Yanzu wasansa ke nan, ya zauna ya gaya mini wanda ke wucewa a titi. Mai madara ya gane, mai wasa wuƙa ya gane. Ya ce matar bene na uku ta sayi sababbin takalma, na leƙa, haka ne.

Babin yana ofishin tacewa. Yana bin layi.

Litinin, 12 ga Mayu, da azahar

An buga hatimi. Na roƙi Tihon Zaharich, ya ce ya ajiye aikin kowa ya sa namu a gaba. Na yarda da shi.

Alhamis, 15 ga Mayu, da safe

Ya tambaye ni wa ya ɗauke masa gashin aku daga kwalbar tawada. Gashin yana nan a inda yake.

Na ce ni ce, zan mayar.

Laraba, 28 ga Mayu, ƙarfe takwas na safe

Jiya da yamma Tihon Zaharich ya kawo shi da kansa, guda biyar a ƙunshe. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hula, ya ƙi shan shayi, ya tafi.

Na sa ɗaya a hannun Arkasha. Koren bango, giwa a gaba, an gyara mata haure. Ya ce in kai shi bakin taga, na kai shi. Rana tana dukan fuskarsa sosai. Ya ɗaga littafin ya juya shi, ya matso da shi, ya nisantar. Ya daɗe. Sannan ya sauke shi a cinya.

Ya buɗe tsakiya ya sa hanci ya shaƙa. Ya bi shafin da ɗan yatsa a hankali, inda ƙarfe ya danna takarda. Ya ce, "Sun danna da kyau. Kore ne?"

Na ce kore ne.

"Hauren fa?"

"Daidai suke."

"To madalla. Karanta mini na tara."

Na karanta, da muryata ta gaskiya. Da na kai ƙarshe ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan babu wanda zai kunyata a kansa." Ni dai na kasa riƙewa, na ce, "Da ka ji maganata da ka gan shi." Ya ce, "Da na gan shi."  Har yanzu ban san wanda ya fi gaskiya a cikinmu ba, kuma na daina nema.

Can ya ce, "Tsohon babin fa, kin jefa a murhu?"

Ina zan jefa? Yana cikin akwatina, ƙarƙashin mayafin aurena. Na ce yana nan. Ya ce, "Ki soke giwayen da damisar, ki mayar da kwaɗi. Naki ne dama, aro na yi."

Ƙararrawar coci ta buga tara da rabi. Ya juya fuska wajen taga ya ce, "Ta faɗi?"

Na ce yanzun nan ta shige bayan rufin gidan da ke kallonmu.

"To muna da sa'a uku. Nan ba Gabon ba ce. Fekla! Zo a zauna."

Ta zo tana goge hannu. Muka zauna shiru na minti ɗaya, littafin yana cinyarsa, hannunsa a kai. Ni ina jira ya ce in ɗauko alƙalami, don na saba. Sai ya ce, "Yau ke ce mai shifta, Sima. Fara daga sama. Wane launi?"

Na duba da kyau, don na san zai titsiye ni. Na ce ruwan toka, da ɗan ja-ja ta wajen kogi.

Ya ce, "Kada ki yi sauri."

Ban yi ba.